Yatsan Taza Gul mai gurasa

Kin tuna Taza Gul mai gurasa kuwa? Ina fa za ki tuna, lokacin kina goye. Shi ne mai tanderu a bakin layinmu a Peshawar, kusa da mai gawayi.

Ɗan ƙauyenmu ne na Laghman, can Afghanistan, mota ɗaya ta kwaso mu shekarar da muka gudo. Shi dai bai zauna a sansanin 'yan gudun hijira ba. Ya shiga gari, ya samo takardun Pakistan ta hanyar da ya sani, ya ce shi ɗan ƙasa ne daga kan duwatsu. Harshenmu ɗaya da su, wa zai gane? Da takardun nan ya kama hayar shago, da su ya sa 'ya'yansa makaranta. Duk ranar da aka gane shi, shago ya tafi, ga 'yan sanda. Duk layin ni kaɗai na san uwar da ta haife shi.

In na je babu kowa sai in ce, "Ɗan Laghman, yau ma ka ƙona gefen."

Ya ce, "Yaya, rage murya. Bakin nan naki shi zai sa a zubar da ni a kan iyaka."

To, shekarar da aka ce mu ma na waje za mu zaɓi shugaban ƙasa, sai ga rediyo ƙarama bayan buhun fulawa. Ya maƙure ta, yana kwaɓi yana jin Kabul. Amma a gaban mutane tsiya yake mana. "Ku 'yan gudun hijira kun samu abin yi. Ku zaɓa da wuri, ku koma, mu sha iska."

Ranar zaɓe na je. Takarda ce doguwa, duk hotuna. Na duba, na ga wani mai kama da marigayi kakanki, na yi masa alama. Aka shafa min tawada a babban yatsa.

Da na dawo, tanderu a rufe, abin da ban taɓa gani ba. Bayan la'asar na zagaya ta baya, na same shi tsugune yana dirzar tawada a yatsa da toka da lemun tsami. Ashe wani sansani mai nisa ya tafi, inda ba a san fuskarsa ba, can ya ba da sunansa na gaskiya, ya yi zaɓe.

Na ce, "Kai da ka ce mu koma?"

Ya ce, "Yaya, bar wannan. Ta wasu da yawu ma ta goge, ni aka shafa wa ta gaske."

Ga lokacin gurasar dare ya matso. Mai gurasa kuwa hannunsa kowa ke kallo, kuma mai shagon da ya ba shi haya da kansa yake zuwa karɓar tasa. Na ce a rufe da lalle. Ya ce ƙato da lalle a yatsa ɗaya, ranar zaɓen Afghanistan? Na ce ɗaura tsumma. Ya ce za a ce kwance mu gani.

Ya hura wuta, ya jira tanderu ya yi ja. Ina tsaye ya sunkuya kamar zai liƙa gurasa, ya danna yatsan a jikin bangon. Ko tari bai yi ba.

Da mai shago ya zo ya ga ƙunar, dariya ya yi. "Taza Gul, shekara nawa kana aikin nan, yau ka koma ɗan koyo?"

Mutumin da ya zaɓa bai ci ba. Ya ji a rediyo, ya kashe, ya ci gaba da kwaɓinsa. Farcen nan bai sake fitowa daidai ba.

Mu mun dawo gida bayan wasu shekaru, shi bai dawo ba. Can ya rasu, can aka binne shi a matsayin ɗan ƙasa. Ranar da za mu taso na je yi masa sallama, na tarar da layin mutane, har da mai shagon a zaune. Ya naɗe min gurasa mai zafi a ƙyalle, ya ƙi karɓar kuɗi, bai ko dube ni ba.

Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, baiwar Allah. Ki gaida mutanen ƙasarku."