Yaya Abdulkabir da bin makara

Mazan gidanmu ba sa tsufa. Mahaifinmu ya faɗi a gonar gyaɗa da fartanya a hannu, ƙanensa kuma yana cikin alwala. Ba wanda ya kai hamsin da biyar. Shi ya sa da yayana Abdulkabir, mai sayar da hatsi a Makoda, ya fara haki tsakanin ƙofar gida da masallaci, kowa ya san abin da ke tafe. Ni dai tsoro ya hana ni sakat.

A asibiti aka ce jininsa ya hau. Ma'aikaciyar jinya ta ba shi magani, ta ce ya riƙa tafiya da sauri har ya yi gumi, ko rabin awa ne.

Faɗa da baki ba wuya. A wurinmu magidanci mai babur ba ya tafiya a ƙasa sai da dalili. Ranar farko bai fita unguwa ba masu babur uku suka tsaya. "Haba Alhaji, muna raye? Hau in kai ka." In ya ƙi ya wulaƙanta mutum, in ya hau ya yi aikin banza. Kafin mako ya zagayo har an fara cewa kurciya aka yi masa. Ya haƙura ya koma tabarmarsa.

Jana'izar wani maƙwabci ce ta ba shi dabara. Ba a yi wa mai bin gawa tayin hawa, masu ɗaukar makara kuma sassarfa suke yi, ga maƙabartarmu can bayan gari. Ya dawo sharkaf da gumi, ba wanda ya tanka. Daga nan duk inda aka yi rasuwa, a gari ko a ƙauyukan kewaye, Yaya ya tafi da ƙafa, ya sa kafaɗa. Mai babur ya tsaya, sai ya ce, "Bar ni in samu ladan taku." Tumbi ya zube, haki ya tafi, liman har misali yake bayarwa da shi. Ni da na san sirrin tsokanarsa nake yi, in ce ga lada ga lafiya.

Bayan kaka aka yi makonni ba rasuwa. Yaya ya kasa zaune ya kasa tsaye. Wata rana da hantsi kukan mata ya tashi daga gabashin gari, ya zabura ya zura takalmi. Mika'ilu ne ya rasu, amininsa tun suna kiwon awaki.

Bayan sadakar uku ya same ni a gona. "Wallahi daɗi na ji," in ji shi. "Cewa na yi yau akwai fita. Sai bayan nan na tambayi wane ne."

Yanzu kullum da safe za ka gan shi a bakin titi shi kaɗai yana zabga sauri, mai cewa ya zautu ya je ya yi ta faɗa. Jana'iza yana zuwa, amma a kan babur. Kwanan nan na taya shi murna da aka ce masa a asibiti zuciyarsa ta yi ƙarfi.

"Ta yi ƙarfi kam," ya ce. "Sai dai duk lokacin da na ji kuka a wani gida, tsayawa nake cak in saurare ta, in ji ko za ta sake yin murna."