Kwalbar da Na Yi wa Munkaila Alkawari

Daga Nima

Ana idar da sallar asuba na fito, ni da jakata da kaina mai sheƙi. Wanzami ya kwashe shi tas, don duk unguwarmu Nima, a Accra, an gama shawara cewa Turawa fasa shi za su yi kamar kwakwa, gara in rage musu aiki. Ga wanda bai san dalili ba: kunnena na dama ya mutu, sai wata ƙara kamar gyare ya kama haya a ciki, ga jiri. In na bi ta bakin babbar gota, kwatar unguwarmu, sai a riƙa cewa Baba Isiyaka ya fara shan giyar akpeteshi da tsufansa. Da aka ɗauki hoton kaina, likita ya ce ƙari ne ya fito a kan jijiyar kunne. Ba daji ba ne, amma girma yake yi, kuma ƙwaƙwalwa ya nufa. Sulemana ɗan ƙanwata, wanda ke zaune a Jamus, shi ya ce in taho.

Kowa ya tausaya ban da Alhaji Munkaila. Shagonsa na jikin nawa a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, yana sayar da shokozoba, ina sayar da kafireta. Har bakin tasi ya biyo ni.

"Isiyaka, kurumtar nan taka tana da wayo. In an ce zo ka ci, ka ji. In an ce zo ka kama, kunne ya mutu. Yawo za ka."

"To me zai gamsar da kai?"

"Kai ma ka san ƙa'ida. In makanike ya ce ya canja maka kaya, me yake miƙo maka?"

"Tsohon."

"To, ka zo mana da tsohon."

A gaban liman da mai koko da duk masu fitowa daga masallaci na daki ƙirji na ce a kwalba zan kawo shi, in dire masa a tebur ya ci waake, shinkafa da wakensa, yana kallo. Haka sana'armu take: wanda bai riƙe tsohon ƙarfe a hannunsa ba an cuce shi, ko da rantsuwa aka haɗa masa.

Direban tasi ya ce, "Olman, sa ni a jaka mana." Na ce jakar ta cika da yaji da busasshen kifin Sulemana, ya jira wani zuwan.

A sama

A jirgi aka ba ni wani abinci a ɗan akwati, rabinsa ganye, rabinsa katifa. Aka miƙo takardar cikewa. Karatuna na boko a aji biyu ya yi faci, sai na juya wa ma'aikaciyar mataccen kunne har ta gaji ta cike mini. A ƙofar ƙasarsu wani mai kaki ya tambayi abin da ya kawo ni. Na cire hula na nuna masa kai. Ya buga hatimi da sauri.

Hambog

Ku da kuke ganin hoton Sulemana jingine da Marsandi kuna kiransa boga, wai mai kuɗin Turai, ku saurara. Motar maƙwabci ce. Ɗakinsa bai kai kiyos ɗin mai sayar da sigari a Maamobi ba, a hawa na huɗu, kuma aikinsa jidar kifi a ɗakin ƙanƙara. Amma yaron kirki ne, gadonsa ya bar mini ya kwana a ƙasa. Burodinsu kuwa, da zan samu buhu guda da na sayar wa 'yan trotro, direbobin motar haya, a matsayin birki.

Sanyi ya samu kan da ba gashi ya yi yadda ya so da shi. Daga nan muka hau jirgin ƙasa muka yi kudu, zuwa wani gari da har yau harshena bai iya ɗaukar sunansa ba.

Gaban likita

Mace ce, doguwa, da tabarau a tsinin hanci. Sulemana ke fassara. Kafin ta buɗe baki na fito da kwalbar man shafawar matata, wankakkiya, na ajiye a gabanta.

"Kawu, mene ne haka?"

"Faɗa mata a nan za ta sa mini shi. Kada a yanka shi gunduwa-gunduwa, ɗungurungum nake so."

Ta saurara, ta cire tabarau ta goge ido. Sannan ta ce ba yanka za su yi ba, gasa shi za su yi. Wani haske da ido ba ya gani za su aiko ta kowane gefe, ya haɗu a kan ƙarin ya ƙona shi. Zai zauna inda yake, ya daina girma, wataƙila ya motse a hankali cikin shekaru. Jin da ya tafi kuma ya tafi.

Na ce, "Sulemana, tambaye ta. In kawo mota da matacciyar kafireta, ta haska ta da tocilan, ta ce in tuƙa in tafi? A wurinmu mai yin haka da gudu yake barin kasuwa."

Ba ta ji haushi ba. Ta ce in fitar da shi nake so, akwai masu wuƙa a bene na sama, kuma sun iya aikinsu. Sai dai jijiyar da ke riƙe fuska manne take da ƙarin, wani lokaci takan taɓu. Gashin ma ba a rantse a kansa ba, amma ga ƙari ƙarami irin nawa ya fi sauƙi ga fuska. In je in yi tunani.

Na fito ina cewa wuƙa, wuƙa kawai. A kan benci muka tarar da wani dattijo Baturke da carbi. Nasa ya yi girma, dole aka yanka. Na yi masa sallama. Ya amsa, amma sallamar ta gefe guda ta fito. Rabin fuskarsa ya zubo kamar rigar da aka rataya a ƙusa, ido ɗaya an manne shi da filasta don ba ya rufuwa. Ya kurɓi shayi, rabi ya bi haɓa, matarsa ta goge masa. Ya ce a faɗa mini an ce fuskar za ta iya dawowa daidai, yana jira.

Na zauna kusa da shi. Ni ba gona, ba ilimi. Da bakin nan nake ciniki, da shi nake Fatiha, da shi nake gasa wa Munkaila magana. Na dubi kwalba, na shafa kumatuna.

"Sulemana, koma ka ce mata ta kawo tocilan ɗin."

Ranar gashi

Ma'aikaciyar jinya ta dubi kaina ta ce wa ya ce in yi aski? Ba a bukata. Wato a banza na sha sanyi.

Allura huɗu suka yi mini, biyu a goshi biyu a ƙeya, sannan suka kawo wani kejin ƙarfe suka ɗaura mini da sukuru har ƙashi. Zafi kaɗan ne, matsin ne kamar an sa kai a bakin ƙofa ana turawa. Na ce wa mai ɗaurin, "Massa, a hankali, zaren sukurun kaina ya tsufa." Aka sake hoto, aka bar ni a kujera da keji a ka tun hantsi har bayan azahar, su suna can suna lissafi. Sulemana ya so ya ɗauke ni hoto, na ce in ya kuskura na tsine masa. Da na bari, da yau ina da shaida.

Suka kwantar da ni, suka ɗaure kejin a jikin inji, sai kowa ya fice aka ja wata ƙofa mai kaurin ta banki. Na ɗaga murya: "Abin da kuka ce ba ya cutarwa, gudun me kuke yi?" Na buɗe hanci ina jiran ƙaurin tsire. Babu. Ba zafi, ba hayaƙi, sai gurnani kamar firij. Ina cikin salati aka ce an gama.

Da aka kwance kejin ne kai ya sara, har na yi amai. Washegari suka sallame ni da filasta huɗu, wai in riƙa zuwa hoto lokaci-lokaci a ga ko ya tsaya.

Da muka koma Hambog, kafin in taso gida, mun shiga wurin wani mahauci, na tsaya ina kallon wata 'yar ƙoda daidai bakin kwalba. Sulemana ya ja hannuna. "Kawu, ka ji tsoron Allah. Rabin Nima mahauta ne."

Gida

Zafin Accra ya rungume ni tun daga matakalar jirgi. Na isa Nima bayan la'asar, ƙofar gida cike. Munkaila na gaba, ko sannu bai ce ba ya miƙo tafin hannu.

"Ina tsohon?"

Na ƙwanƙwasa bayan kunnena. "Yana nan."

"Ba su cire ba?"

"Sun kashe shi, sun binne shi inda ya faɗi."

"Ɗinkin fa?"

Na cire hula. Ramukan huɗu sun warke, ko cizon sauro ya fi su fitowa.

"Jama'a, kun gani! Ya kai ƙarinsa yawon buɗe ido ya dawo da shi!"

Aka yi ta dariya har da liman. Na sha kunya, ban musa ba, kuma har yau rabin Abossey Okai na cewa an cuce ni. Matata ce kawai ba ta yi dariya ba. Ta ja ni ciki, ta kama haɓata ta juya ni wajen taga.

"Yi murmushi in gani."

Na yi. Ta duba dama, ta duba hagu, ta sake ni ta tafi ɗora tukunya.

Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Sulemana mai kwana a ƙasa, da likita mai tocilan, da Baturken nan, Allah ya miƙar masa da fuskarsa. Shi kuwa Munkaila, kullum ina ba shi nasa kason baƙar magana safe da yamma, kuma kowace kalma a miƙe take fita.