Jan Haƙoran Kakata

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da kakana ya ci mutuncin haƙoran kakata a gaban likita ba.

Kakata ta ƙauyen Zakka a ƙasar Safana tsohuwa ce mai ji da kanta. Tun tana budurwa take goge haƙora da furen taba da goro har suka rine jawur, kuma kullum cewa take su suka samo mata miji. Ni kuwa in na je gaishe ta sai in ce, "Matata, wa kika cinye yau?" Sai ta rarumo muciya.

To, sai wani miki ya fito mata a gefen harshe. Wata huɗu tana ɓoye shi, sai da tuwo ya gagare ta haɗiya muka kai ta asibiti a Katsina. Bayan gwaji likita ta ce kansar baki ce. Ta ce da sauran dama, amma dasashin ya ruɓe, ƙwayoyin cuta sun yi gida a ciki. In ba a cire haƙoran da suka lalace ba, ko an yi mata aikin tiyata zai yi wuyar warkewa.

"Yarinya," in ji kakata, "da su na zo gidan Malam, da su za a kai ni kushewa."

Likita ta yi lallashi, na yi magiya, ko gezau. Sai kakana Malam ya gyara murya. "Likita, cire su duka. Shekara hamsin ina kawaici, ni ban taɓa son su ba. Sai ka ce bakin kura."

Yanzu in na tuna dariya nake, amma a lokacin kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa, ta haye kujerar cire haƙori da kanta. "Cire, 'yar nan! Wa zan ajiye wa?"

Aka cire, aka yi aiki, Allah Ya ba da sauƙi. Wata biyu cur ba ta yi wa kakana magana ba.

Ran kasuwar Batsari na goyo shi a babur, na ce, "Tsoho, ashe haka bakinka yake?" Da muka wuce gonaki sai ya ce, "Kai, ba ka san komai ba. Duk ƙasar Safana ba a yi haƙora irin nata ba. Amma in na dawo gida, haƙora ba sa amsa sallama."

Tun daga ranar na san mikin baki ba a ɓoye shi. Na kuma gane mai ƙaunarka da gaske ya yarda ka yi fushi da shi, in dai za ka rayu.