Shekarar da Baba Ya Bar Suga

Ina aji huɗu a sakandare wuyana ya fara yin baƙi. Kakata, wadda muke kira Inna, ta zo mana kwana biyu daga Ƙofar Rini. Ta zaunar da ni a bayan ɗaki da soso da sabulu tana dirza, tana mita wai 'yan matan yanzu ba su iya wanka ba. Har fatar ta yi zafi, baƙin yana nan. Sai ta shafa min man kaɗe, ta ce wa Baba a kai ni asibiti.

Ni dai tun ina ƙarama nake da ƙiba, kuma a gidanmu ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Keke-napep ke kai ni makaranta ya maido ni gida Arkilla. Ina shigowa sai firij, in ɗauki lemon kwalba, in kwanta da waya.

An ɗebi jinina da safe kafin in karya. Da sakamako ya fito, likitar ta ce ciwon suga bai kama ni ba tukuna, amma saura kaɗan. Sugan ya haura, kitsen jini ma ya yi yawa, kuma baƙin wuyan alama ce, ba dauɗa ba. Ta ce ba da magani za a fara ba. A gyara abinci, a motsa jiki, mu dawo bayan 'yan watanni.

A mota na yi ta kuka. Da muka tsaya a ƙofar gida, Baba ya juyo ya dube ni.

"Ɗiyata, mi kike ma kuka? Abin da anka hana ki, ni ma an hana ni."

Baba kuwa shayinsa kamar zuma yake don suga. Washegari ya sha shi salam, yana yamutsa fuska, ƙannena na ta dariya. Mama ta rage farar shinkafa, tuwon dawa ya dawo, da wake da kwaɗon zogale. Babu wanda aka ware wa tukunya.

Idan ya dawo masallaci da asuba sai ya ƙwanƙwasa min ƙofa, mu zagaya unguwa kafin rana ta yi zafi. Da farko haki nake yi, ina jin haushinsa. Wata rana na zauna kan wani bulo na ce ba zan ƙara taku ba. Ya tattare babbar rigarsa ya zauna gefena, ya shiga ba ni labarin jakin da ya taɓa kayar da shi a gonar gero yana yaro. Ban san lokacin da muka miƙe ba.

Ranar da muka koma asibiti, sikeli ya nuna kaɗan kawai na ragu. Likitar ta duba sabon gwajin ta yi murmushi.

"Sugan ya sauka, kitsen ma ya ragu sosai. Jini kan riga sikeli nuna sauyi. Ku ci gaba."

Baba ya yi hamdala, sannan ya nannaɗe hannun riga.

"To likita, ni ma a ɗiba a gani, tunda tare munka sha wuyar."

A ɗakin gwaji na gane Baba na tsoron allura. Ya kau da kai, ya damƙe hannuna gam har aka gama.