Waƙa ta Biyar da Muryar Babana

Kaset ɗaya tak muka taɓa yi, waƙoƙi takwas ne a cikinsa. Bakwai ni na rera su. Ta biyar ce kaɗai babu muryata, kuma a kanta na kira babban abokina ɓarawo a tsakiyar Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarbawa. Sunan nan ya bi shi kusan shekara arba'in, kuma ni na laƙaba masa.

Mu huɗu ne a ƙungiyar. Akwai wasu 'yan'uwa biyu Yarbawa daga unguwar Mokola, ɗaya na ganga ɗaya na babbar jita, sai ni mai waƙa, sai abokina mai ƙaramar jita. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, tare muka yi allo, tare muka tsaya a aji shida. Shi ya koyi gyaran rediyo ya buɗe shago kusa da masallaci, ni na bi Baba rumfar goro. A shagonsa muka fara jin kiɗan rok a tashoshin waje, muka ce mu ma za mu iya, da Hausa.

Babana mai gida ne, wato mai saukar da fataken goro daga Arewa. Su kwana a gidansa, ya saya musu kaya a ƙauyukan Yarbawa, ya tsince, ya ɗaure, ya ɗora a mota. Mutum zai bar masa dukiyarsa ya koma Kano ba tare da takarda ba, saboda sunansa. Ya san ina kiɗa, amma yana yi kamar bai sani ba, ni kuma ina yi kamar ban san ya sani ba. Da za mu shiga sutudiyo sai na sa abokina ya yi min alkawari: ba hotona a jikin kaset, ba sunan gidanmu, ba wani abu da zai kai ga Baba. Ya ce ya ji.

Waƙoƙina duk na soyayya ne, masu daɗin amshi, irin waɗanda mace za ta riƙa bi tana wanke-wanke. Shi kuwa kullum sai ya zolaye ni.

"Ɗan mai goro, waƙoƙin nan naka zallar sukari ne. Mutum zai sha bakwai a jere ba abin kurkure baki?"

"To kai me za ka zuba, barkono?"

"Ka bar min gurbi ɗaya kawai. Ba sai ka wahalar da maƙogwaronka ba."

"Ka ɗauka. Amma in mutane suka dawo da kaset, a shagonka za su tara."

Ranar da aka haɗa ta biyar ba na nan. Baba ya aike ni Ojoo in tsaya a kan lodin mota. Da na tambaya, abokina ya ce hayaniyar kasuwa ce da jita, sai na bar maganar.

A bakin rumfar mai sayar da kaset na fara jin ta, da hantsi, ranar da kaya suka fito. Na tsaya nesa ina jin daɗin muryata a lasifika har waƙa ta huɗu ta ƙare. Sai shiru. Sai ƙarar yayyafa ruwa. Sai wani abu ya faɗa cikin kwando, wani ya sake faɗawa. Tun kafin a yi magana na gane ko wane ne, don na san wannan ƙara tun ina rarrafe. Haka Baba yake tsintar goro: ya zazzage huhu a tabarma, ya yayyafa ruwa, ya ɗauki kowace ƙwaya ya juya ta da babban yatsa. Mai kyau ya jefa kwando ya ce "lafiya". Wanda tsutsa ta ci ya wurga tasa ya ce "sankara". Sai ga muryarsa a lasifika, tsakiyar titi, jita na bin ta a baya.

Mai kaset ya leƙo ya gan ni. "Kai, ashe Alhaji ma ya shiga ƙungiya? Wace jita yake kaɗawa?"

Kafin la'asar duk Sabo ta ji. Bayan salla dattawa suka tsayar da Baba a ƙofar masallaci, ina tsaye a bayansa. Wani ya ce an ji wannan kaset a otal a Mokola, mutane na rawa da kwalba a hannu. Wani baƙo daga Arewa da ya sauka gidanmu ya ce shi dai bai san gidan makaɗa ya kawo dukiyarsa ba. Baba ya ce, "Satar muryata aka yi. Ban san da shi ba."

Ban jira komai ba. Na wuce shagon abokina, jama'a na biye da ni. Uwar faifan da ake buga sauran da ita tana wurinsa. Na ɗauke ta daga kan kanta, na zaro zaren, na yanke shi da wuƙar goro, na watsa a kwata. Na ce masa ɓarawo, maci amana, wanda ya ci tuwon gidanmu ya shigo da na'ura a ƙarƙashin riga. Na faɗa da Hausa, na sake faɗa da Yarbanci don masu wucewa su ji. Yana zaune da sukudireba a hannu, bai tashi ba. Da na yi shiru ya ce, "Ka gama?" Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ƙungiya ta watse a ranar. Na bi masu kaset na karɓe abin da ya rage. Shi kuma mutane suka daina kai masa gyara, wai wanda ya saci muryar Alhaji zai iya ɓoye na'ura a rediyon kowa ya ji sirrin gida. Kafin shekara ta zagayo ya rufe shago ya koma Akinyele, can bayan gari. Fatake suka ci gaba da sauka gidanmu. Baba ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, kullum tare muke cin tuwo a kwano ɗaya, bai taɓa tayar da maganar ba. Ni kuma na ɗauka na kare mutuncin ubana, har ina ba 'ya'yana labarin da alfahari.

Bara matar abokin nan nawa ta rasu. 'Yar unguwarmu ce, kuma a Sabo ko ba kwa ga-maciji ba a barin gaisuwar mutuwa. Na hau keke mai ƙafa uku zuwa Ojoo, na ɗauki okada, wato acaɓa, zuwa Akinyele. Na same shi a tabarma ƙarƙashin mangwaro, ya rame, ido ɗaya ya yi fari. Muka yi addu'a, muka shafa. Na yunƙura zan tashi sai ya ce, "Zauna, ɗan mai goro. Tunda Allah ya kawo ka, akwai abin da za ka ji. Na gaji da riƙonsa."

Ya kira 'yarsa ta kawo waya. Ashe ɗan ƙaramin kaset da ya fara ɗaukar muryar da shi bai taɓa barin hannunsa ba, ita ta juye masa shi cikin waya, da waƙar da aka gama haɗawa daga kwafin da ya ajiye. Ya ce a fara sa waƙar.

Ran nan ne na saurare ta da kunne, don wancan karon a bakin rumfa fushi bai bar ni na ji komai ba. Minti biyu na farko babu kiɗa sam, ruwa ne da faɗuwar goro. Sai ka lura faɗuwar tana da tsari, uku a jere sannan ɗan jinkiri, lokacin da Baba ke juya ƙwaya. Mai ganga bai ƙirƙiro komai ba, hannun Baba ya bi. Babbar jita tana shigowa ne a kan "lafiya", kullum a wuri ɗaya, har ka saki jiki. In aka ce "sankara" sai komai ya ɗauke, ka ji ƙarar tasa ita kaɗai, kamar an taka maka burki. Ƙaramar jitar kuwa ba kaɗa ta yake ba, goga mata wani ƙarfe yake yi, tana kuka can ƙasa kamar babbar mota na hawan tudu da lodi. Babu amshi, babu abin da za ka rera a hanya. Amma duk wanda ya taɓa zama a rumfar goro zai ji ƙanshin jiƙaƙƙen ganye. Waƙoƙina bakwai kowace ƙungiya a garin nan za ta iya yin irinsu, kuma sun yi, har sun fi mu. Wannan kuwa sai wanda ya tashi a Sabo yana jin jita a kunne ɗaya, aikin goro a ɗayan. Na faɗa masa haka. Ya ce, "Ai na sani. Ba don ka yaba na sa maka ba. Saurari ɗayan."

Ɗayan shi ne asalin ɗauka, babu kiɗa. Goro na faɗuwa, Baba na cewa lafiya, lafiya, sankara. Can sai ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya ce, "Ya ɗauka kuwa? Matso da abin kusa. In bai fita ba in sake, kada a ce muryar tsoho ta ɓata muku waƙa." Sai dariyarsa. Sai ya ƙara da cewa, "Kada ka gaya wa yaron nan. Sai ta fito ya ji."

Da muryar ta ɗauke na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? A gaban fatake in ce Alhaji ya yi ƙarya? Washegari gidanku ba baƙo ko ɗaya."

"Ni fa? Ni kaɗai, a ɗaki?"

"Kai da ka zo da wuƙa? Kuma da wa za ka yarda, ni ko shi?"

Ya ce bayan mako guda Baba ya zo shagon ta ƙofar baya da ƙullin marsa, manyan goro da ba ya ba kowa. Ya zauna a benci ya ce a sa masa waƙar. Ya ji sau uku. Da zai tafi ya ce, "Ka rufa min asiri, Allah ya rufa maka naka." Bai sake zuwa ba.

A hanyar dawowa ba abokina nake tunani ba, Baba nake tunani. Shekara goma sha ɗaya hannuna da nasa a kwano ɗaya. Yana kallo na yanke zaren, ko dai ya ji labari kafin magariba. Yana kallo aka kwashe kayan shagon a amalanke. Kalma ɗaya a cikin ɗaki, ni da shi, da ta isa in je in ba da haƙuri tun muna da ƙarfi. Ya bar ni ina yawo da laifin da na ɗauka lada ne. Na yi masa addu'a kamar kullum, amma na daɗe ban iya kallon hotonsa ba. Wannan bai wanke ni ba. Ba Baba ya ce in ɗauki wuƙa ba, kuma ba shi ya hana ni tambayar mutumin da na sani tun muna tsirara ba.

Na koma bayan kwana uku na roƙe shi gafara. Ya ce shi ya daɗe da yafe wa Baba, don tsoro ne ya kama shi, kuma ya san abin da tsoro ke sa mutum. "Kai kuwa a tsakiyar Sabo ka kira ni ɓarawo. In da gaske kake, can za ka je ka janye."

Wato in wanke shi sai na tona ubana. Na yi sati biyu ina juya abin. Ranar wata Juma'a bayan an sauko, na tsaya a majalisar tsofaffi da ke gefen masallaci na ce ina da magana. Cikin waɗanda suka ga abin da idonsu mutum uku suka rage, ɗaya ma ba ya ji. Samarin da ke wurin ba su san ana yin kaset a Sabo ba, suna ta latsa waya. Na faɗi komai, na ce mai rediyo bai saci komai ba, Alhaji da kansa ya zauna aka ɗauka, ni na yi masa ƙazafi.

Wani tsoho da ya yi shekaru yana ɗaure wa Baba huhu ya gyara zama ya ce, "Yanzu ka sani? Ai ni na riƙe masa makirfon."

Na ce, "Kana wurin ranar da na je shagon."

"Ina wurin."

"Ka yi shiru."

"To me zan ce? Mai gidana ne. Kai ma da ka bar shi ya kwanta, mutum yana kabarinsa."

Na tashi na bar su. Washegari na je Akinyele na gaya wa abokina na faɗa, na gaya masa mutum nawa suka ji da abin da tsohon ya ce. Ya yi 'yar dariya, ya ce da ma ya san ba za a taru ba. Na tambaye shi ko ya yafe. Ya ce ya yafe na tsakaninsa da ni, amma matarsa ta mutu ana kiran ta matar ɓarawon murya a gidajen biki, wannan kuma ba shi ke da ikon yafewa ba. Ya ce in ina so in dawo Asabar, 'yarsa za ta tura min waƙar a waya. Asalin ɗaukar kuwa ya ce ba zai ba ni ba, don shi Baba ya ba wa amana, ba ni ba.