Faifan Inna a Kan Takarda

"Kai Sale, ina takardar nan taka?"

Goggo ce tsaye a ƙofar ɗakina a Bolewa, hankalinta a tashe. A shekarun casa'in ne, ana shirin bikin ƙanwata Hajara. An buɗe akwati za a ɗauko faifan marigayiya Innarmu don jere, sai aka tarar gara ta cinye shi. Kuma babu wadda ta riƙe zanen saƙar a ka.

Ni kuwa tun shekarun baya na sassaƙa zanen a jikin katako, na shafa tawada ja da kore, na danna a takarda. A lokacin Goggon nan ce ta ce, "Ƙato da kai, ka rasa abin yi sai wasa da kayan mata!"

Na ce, "Goggo, takardar wasan?"

Ta ce, "Miƙo min, ja'iri!"

Ta baje ta a tabarma, tana dubawa tana saƙawa. Ranar jere faifan Inna ya hau bango sabo fil, Hajara na ganin sa ta fashe da kuka.

Jiya na gan shi a ɗakin 'yar Hajara, ita ma amarya.

Ku fa, wane kayan mahaifiyarku kuka hana shi ɓacewa?