Akwatin Masu Gaisuwa

Lokacin da nake aiki a wani kamfanin sayar da injin ban-ruwa mai amfani da hasken rana a Dutse, ni aka ɗora wa gyara manhajar karɓar koken masu saye. Ban iya rubuta umarnin kwamfuta ba, ba kuma sai an iya ba. Akwatuna ne a allo, ka ja wannan ka ajiye, ka haɗa shi da wancan da kibiya: idan an ce kaza, a yi kaza. Har na fara jin kaina injiniya.

Akwatin da ya fi cika shi ne na waɗanda suka kira ba su kawo koke ba. Dattijo zai bugo, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya yi addu'a, ya kashe. Manajanmu ya ce ɓata lokaci ne, in sa manhajar ta riƙa rufe irin wannan kira da kanta.

Na ɗora hannu zan ja akwatin, sai na tsaya. Na girma a gidan da babba ba ya cewa yana jin yunwa, sai dai ya tambaya ko an ɗora tukunya. Manomin da ya ƙona katin wayarsa tsakiyar noman rani don gaisuwa kawai, da walakin goro a miya. Na roƙi manaja ya bar ni in gwada akasin haka: duk lambar da ta gaishe mu sau biyu a mako, a tura mai gyara. Ya amince da ƙyar.

Cikin lambobin farko da manhajar ta fitar har da ta Baffana, ƙanin mahaifina, mai noman albasa a fadamar Kiyawa. Ni na sa shi ya sayi injinmu. Na kuwa san albasar nan ce abincin gidansa na shekara.

Na hau bayan babur ɗin mai gyara muka tafi. Injin ya kwana biyu a mace. Gefen gonar ya riga ya yi ja, Baffa kuma yana ta ɗibar ruwa da bokiti, a shekarunsa. Waya ɗaya ce ta tsinke a jikin injin, kafin la'asar ruwa ya dawo.

Raina ya ɓaci, kunya kuma ta hana ni ɗaga murya. Na tambayi Baffa me ya hana shi faɗa, ko ni ya kira.

Ya juyo ya dube ni.

"Kai ka kawo min shi," in ji shi. "In na ce kayanku ya lalace, laifinka za su gani a wurin aiki. Albasa ai ana sake shukawa."